Manhajar biyan kuɗi ta aiko mini da takardar 1099-K: shin a kan dukan adadin zan biya haraji?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman ƙarin haske daga waɗanda suka san ka'idojin haraji na Amurka, musamman ɓangaren da ya shafi masu ƙananan sana'o'i. Ina zaune a jihar Maryland, kuma sana'ata ɗinki ce a gida: ina ɗinka sababbin kaya, ina kuma gyaran waɗanda aka kawo mini, kamar rage tsawon wando ko sauya zif. Mafi yawan masu kawo mini aiki ta manhajar waya suke biyana, wasu ta Zelle, wato hanyar tura kuɗi daga banki zuwa banki, kaɗan kuma su ba ni tsabar kuɗi a hannu.

A ƙarshen watan Janairu ɗaya daga cikin manhajojin ta aiko mini da takarda mai suna 1099-K ta shekarar 2025, an rubuta dala 9,400 a kanta. Abin ya ɗaure mini kai, domin na ji ana cewa an mayar da dokar yadda take a da, wato sai wanda ya karɓi fiye da dala 20,000 ake aika wa wannan takarda, ni kuwa ban kai rabin haka ba. Ban da wannan, adadin ya fi abin da ya shigo hannuna. A cikinsa akwai dala 350 da na mayar wa masu kaya, akwai kimanin dala 270 da manhajar ta cire a matsayin kamashonta, akwai kuma dala 1,200 da ƙanwata ta biya ni na bashin da na ba ta, ta aiko shi cikin asusun da nake karɓar kuɗin sana'a.

Sai kuma abin da ya fi damuna. Kuɗin da na karɓa ta Zelle da na hannu sun kai kusan dala 3,000, kuma babu wata takarda da ta zo a kansu. Wasu abokan sana'a sun ce tunda ba a rubuta su ko'ina ba, babu dalilin ambatonsu, har suna ba ni shawarar in riƙa ce wa masu biya su danna zaɓin 'yan'uwa da abokai maimakon zaɓin ciniki. Zuciyata ba ta kwanta da wannan shawara ba. Ina roƙon wanda ya san gaskiyar lamarin ya bayyana mini, Allah ya saka da alheri.

Mai Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Aikina ke nan, cika wa mutane takardun haraji, kuma tambayarki tana cikin waɗanda aka fi kawo mini a wannan lokaci na shekara. Ruɗanin da kike ciki yana da dalili, domin a cikin shekara biyar an sauya wannan ka'ida sau da yawa, har masu aikin ma sai da suka riƙa bibiyarta wata-wata.

Takardar 1099-K ta samo asali ne daga wata dokar majalisar Amurka ta 2008, aka fara aiki da ita a kan cinikin shekarar 2011. Ka'idar farko ita ce kamfanonin da ke shiga tsakanin mai saye da mai sayarwa, irin su PayPal, sannan daga baya Venmo da Cash App, za su sanar da hukumar haraji ta IRS idan mutum ya karɓi fiye da dala 20,000 a cikin ciniki fiye da 200. A shekarar 2021 dokar American Rescue Plan ta sauko da adadin zuwa dala 600, ba tare da la'akari da yawan ciniki ba. Hukumar IRS ta ɗage fara aiki da wannan a 2022, ta sake ɗagewa a 2023, sannan ta tsara a sauko a hankali: dala 5,000 a 2024, dala 2,500 a 2025, sai dala 600 daga 2026. Kafin a kai ga haka, dokar da Shugaba Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ta soke sauyin gaba ɗaya, ta mayar da dala 20,000 da ciniki 200. Saboda haka abin da kika ji gaskiya ne, amma na gwamnatin tarayya ne kawai. Wasu jihohi suna da tasu ka'idar, kuma Maryland tana cikin masu dala 600, tare da Virginia da Massachusetts da Vermont. Wannan shi ne dalilin da ya fi kusa na zuwan takardarki. Haka nan babu abin da ya hana kamfani aika takardar ko da adadin bai kai ba.

Abin da nake so ki riƙe da kyau shi ne, waɗannan adadi duka, 600 ne ko 20,000, suna faɗin lokacin da ya wajaba kamfani ya aika rahoto ne. Ba su taɓa zama iyakar da haraji yake farawa daga kanta ba. Duk sauye-sauyen da na lissafa miki ba su ƙara wa kowa haraji ko dala ɗaya ba, ba su kuma rage ba. Dokar da ta shafe ki ta daban ce, kuma ba ta motsa ba: duk kuɗin da aka samu ta hanyar sana'a ana bayyana shi, ta manhaja ya shigo, ko ta banki, ko a hannu, kuma wanda ribarsa ta aikin kansa ta kai dala 400 a shekara dole ne ya cika takardar haraji. Zelle ba ya fitar da 1099-K ne saboda ba ya riƙe kuɗin kowa, daga asusun banki zuwa asusun banki kuɗin suke tafiya kai tsaye. Wannan ya sauke wa kamfanin nauyin rahoto, amma bai sauke miki naki ba. Dala 3,000 ɗin nan kuɗin ɗinki ne kamar sauran.

Ga kuma ɓangaren da zai kwantar miki da hankali: ba a kan dala 9,400 za ki biya haraji ba. Adadin da ke gurbi na 1a na takardar jimillar abin da ya ratsa ta asusun ne, ba a cire kamasho ba, ba a cire abin da aka mayar ba, ba a cire kuɗin aika kaya ba. Haka doka ta ce a rubuta shi. Ke ce za ki kawo shi ga gaskiyar ribarki a takardar Schedule C, wadda ake lissafin ribar sana'a a cikinta. Bari in yi amfani da lambobin da kika bayar. Idan aka ware dala 1,200 na ƙanwarki, saura 8,200. A haɗa da 3,000 na Zelle da na hannu, cinikinki na shekara ya zama dala 11,200, shi ne zai hau layi na 1. Dala 350 da kika mayar suna da layi na 2, kamashon dala 270 kuma layi na 10. Daga nan sai kuɗin da sana'ar ta ci: yadi, zare, zif, maɓallai, allura, gyaran keken ɗinki, ledar da ake naɗe kaya. A misalta cewa sun kai dala 3,800. Ribarki ta zama dala 6,780, kuma a kanta ake lissafi.

Haraji iri biyu ne za su hau wannan riba. Na farko shi ne harajin mai aikin kansa, kashi 15.3 cikin ɗari, wanda 12.4 na asusun kuɗin tsufa na Social Security ne, 2.9 kuma na Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi. Ana ɗora shi a kan kashi 92.35 cikin ɗari na ribar, a takardar Schedule SE, kuma a misalinmu zai kama kimanin dala 958. Rabin wannan ana cire miki shi daga kuɗin shigar da za a yi wa lissafi na biyu, wato harajin kuɗin shiga na tarayya da na jiha, wanda shi ya dogara ne da sauran abin da gidanku yake samu. Na ga mutane da yawa sun shirya wa na biyun sun manta da na farkon, shi ya sa na tsaya a kansa.

Batun ƙanwarki kuma mai sauƙi ne a doka, sai dai yana son hujja. Biyan bashi ba kuɗin shiga ba ne, haka kyauta daga dangi, haka kason kuɗin haya da abokin zama ya turo. Sunan kamfanin da lambar wayarsa suna saman takardar ta hannun hagu. Ki tuntuɓe su ki nemi takarda gyararriya, domin hukumar IRS ba ta iya gyara ta da kanta. Idan ba su gyara ba kafin 15 ga Afrilu, kada ki jira su. Tun daga takardun shekarar 2024 akwai gurbi a saman Schedule 1 da aka ware wa kuɗin da suka shiga 1099-K bisa kuskure, a nan za ki rubuta dala 1,200. Ki ajiye bayanin banki na ranar da kika tura mata bashin, da saƙonnin da kuka yi a kai. Abin da ba na so ki yi shi ne ki tsallake adadin shiru, domin kwamfutar hukumar tana gwada abin da kamfani ya aiko da abin da kika rubuta, kuma idan suka saɓa ba tare da bayani ba, wasiƙar CP2000 ce za ta biyo baya, da lissafin haraji a kan kuɗin da ba naki ba ne na sana'a.

Hajiya Mai Kanti ta amsa:

Ƙanwata, Malam ya gama da ɓangaren lissafi, ni kuma ina so in yi magana a kan shawarar da abokan sana'arki suka ba ki, domin ina jin ta a bakin mata da yawa kuma tana ba ni tsoro. Na daɗe ina sayar da kaya ta intanet daga Virginia, kuma ra'ayina shi ne wannan shawara cutarwa ce ko da an ajiye maganar doka a gefe.

Idan mai saye ya biya kuɗin kaya ta zaɓin 'yan'uwa da abokai, ya fita daga kariyar da manhajar take ba wa ciniki, ke ma kin fita. Ranar da aka sami saɓani a kan kaya, babu wanda zai saurari ɗayanku, tunda a rubuce kyauta ce aka yi. Ƙa'idojin amfani da waɗannan manhajoji kuma sun hana karɓar kuɗin ciniki ta wannan hanya, suna iya taƙaita asusun mutum ko su rufe shi. Mace mai karɓar dala 40, dala 65, dala 120 daga mutane daban-daban kowane mako, kowanne da rubutun "gyaran riga" ko hoton almakashi a jikinsa, ba ta ɓoye wa kowa komai ba.

Amma abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne amfanin da ribar da aka bayyana take yi wa mai ita. Ranar da za ki nemi bashin sayen gida, masu bayar da shi yawanci takardun haraji na shekara biyu suke nema daga mai aikin kansa, kuma abin da ba ya cikin takardun babu shi a idonsu, ko da kin shekara goma kina samunsa. Kuɗin tsufa na Social Security ana samun cancantarsa ne da maki 40, ana iya tara huɗu a shekara, kuma a 2025 kowane maki yana bukatar dala 1,810 na kuɗin aikin da aka biya wa haraji. Matar da take ɗinki a gida ba ta da mai aikin da zai biya mata wannan, harajin nan na kashi 15.3 da ake kuka da shi shi ne yake tara mata makin. Wanda kuma yake shirin neman zama ɗan ƙasa ya sani cewa fom ɗin N-400 yana tambaya a kan haraji, kuma da rantsuwa ake amsa shi. Ban ga hikimar jefa waɗannan duka cikin haɗari saboda 'yan ɗaruruwan daloli ba.

Abin da nake yi, kuma nake ba ki shawara a kai, shi ne raba asusu tun yau. Asusun banki ɗaya na sana'a kaɗai, manhajar sana'a tana zuba kuɗi a cikinsa, dangi kuma a ba su wata hanyar daban. Ina da littafi mai layi huɗu a gefen kwamfutata: kwanan wata, sunan mai saye, adadi, da hanyar da kuɗin suka shigo. Tsabar kuɗi ma suna shiga littafin a ranar da aka ba ni. Rasit na takarda mai santsi da shaguna suke bayarwa yana dusashewa cikin 'yan watanni har ya koma fari, don haka nake ɗaukar hotonsa kafin in bar wurin ajiye motoci. A ƙarshen kowane wata ina sauke bayanin ciniki daga manhajar in gwada shi da littafin. Idan za ki je wurin akanta, ki tafi da komai har da abin da kike shakka a kansa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Baban Amira ya amsa:

Ina da ƙari kaɗan a kan bayanin Malam Mai Lissafi, da fatan zai gyara mini idan na kauce. Ka'idar dala 20,000 ta manhajoji da kasuwannin intanet ce. Wanda yake karɓar kuɗi ta katin banki kai tsaye, da ɗan na'urar nan da ake maƙala wa waya, babu mafi ƙarancin adadi a kansa, ko cinikin dala 50 ya yi takardar tana iya zuwa. Na biyu, Uwar Biyu, ki tabbata lambar harajinki da sunanki a manhajar sun yi daidai da abin da ke wurin hukuma, domin idan babu lambar ko ta saɓa, doka tana iya sa kamfanin ya riƙe kashi 24 cikin ɗari na kuɗin da ke shigowa ya miƙa wa IRS. Ana lissafa wa mutum su idan ya cika takardar shekara, amma ƙaramar sana'a ba ta jure a riƙe mata kusan rubu'in cinikinta na watanni.

Akwai kuma harajin da ake ɗora wa mai saye, wanda shi na jiha ne, ba ruwansa da IRS. A Maryland kashi 6 cikin ɗari ne, ofishin Comptroller ne yake kula da shi. Kasuwanni irin su Etsy da eBay suna karɓarsa su miƙa a madadin mai sayarwa, amma manhajar da aikinta tura kuɗi ne kawai ba ta yin haka. Tunda kina sayar da sababbin kaya da kika ɗinka, ya kamata ki tuntuɓi ofishin ki ji wane ɓangare na aikinki ne wannan haraji ya shafa da yadda ake rajista.

Ɗan Ingila ya amsa:

Ga masu karatu daga wannan ɓangaren, kada a ɗauki lambobin Amurka a yi aiki da su a Birtaniya. A nan, tun daga Janairun 2024 kasuwannin intanet irin su eBay da Vinted suke tattara bayanan masu sayarwa su miƙa wa hukumar haraji ta HMRC, ban da wanda cinikinsa bai kai 30 ba a shekara kuma bai wuce yuro 2,000 ba. Tarayyar Turai ta riga mu da shekara ɗaya da irin wannan tsari. Rangwamen da ake yi wa mai ƙaramar sana'a kuwa fam 1,000 ne a shekara, kuma shi ma daban yake da ka'idar rahoton.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam, na gode Hajiya, da sauran 'yan'uwa, Allah ya ƙara sani. Zan bayyana kuɗin duka kamar yadda aka nuna. Sauran tambaya ɗaya gare ka, Malam. Idan lissafin ya fito haka, ke nan a watan Afrilu zan nemo kusan dala dubu a dunƙule, ban da harajin kuɗin shiga. Shin akwai hanyar biya kaɗan-kaɗan a shekara mai zuwa, kuma me zai faru idan kuɗin ba su cika a hannuna ba ranar da wa'adin ya yi? Maigidana yana aikin albashi, kuma tare muke cika takardarmu.

Mai Lissafi ya amsa:

Bayanin Baban Amira daidai ne, ban da abin gyarawa a ciki. Game da tambayarki, 'yar'uwa, biya kaɗan-kaɗan shi ne ma abin da doka take so. Wanda yake tsammanin za a bi shi dala 1,000 ko fiye a ƙarshen shekara ana bukatar ya riƙa biyan ƙiyasi sau huɗu da fom ɗin 1040-ES: 15 ga Afrilu, 15 ga Yuni, 15 ga Satumba, sai 15 ga Janairun shekara mai biyowa. Ki lura cewa tazarar ba daidai take ba, tsakanin na farko da na biyu wata biyu ne kawai, kuma na Yuni ne mutane suka fi mantawa. Ba a cin mutum tarar ƙarancin biya idan abin da ya biya a cikin shekara ya kai kashi 90 cikin ɗari na harajin shekarar, ko ya kai dukan harajin shekarar da ta gabata, sai dai masu babban samu da ake nema wa kashi 110. Tunda tare kuke cikawa, akwai hanya mafi sauƙi: maigidanki ya sabunta fom ɗin W-4 a wurin aikinsa, a ƙara abin da ake cirewa daga kowane albashi har ya rufe harajin ɗinkin, ke kuma ki riƙa ware kason daga cinikinki kina mayarwa cikin kuɗin gida.

Idan Afrilu ya zo kuɗin ba su cika ba, ki cika takardar a kan lokaci, ki biya abin da ya samu. Tarar jinkirin cika takarda kashi 5 cikin ɗari ce na bashin a kowane wata har zuwa kashi 25, ta jinkirin biya kuwa rabin kashi ɗaya ce a wata, da kuɗin ruwa a kai, kuma hukumar tana yarda a tsara biya wata-wata. Fom ɗin 4868 yana ɗaga ranar cikawa zuwa 15 ga Oktoba, amma ba ya ɗaga ranar biya.

Kafin ki rufe lissafin 2025, ki duba abubuwa biyu da masu ɗinki a gida suke yawan bari. Tafiyar da kika yi da mota domin sayen yadi ko kai wa mai kaya ana cire mata senti 70 a kowace mil, muddin akwai rubutaccen bayanin tafiyar. Idan kuma akwai ɗaki ko kusurwar da kika keɓe wa ɗinki kaɗai, ana cire dala 5 a kan kowace ƙafa murabba'i, har zuwa ƙafa 300. Rasit da littafin ciniki da bayanan manhaja ki ajiye su aƙalla shekara uku daga ranar da kika miƙa takardar. Ni shekara shida nake ce wa mutanena, domin tsawon lokacin da doka ta ba hukumar ke nan ta waiwayi takarda idan kuɗin shigar da aka bari ya wuce kashi 25 cikin ɗari na wanda aka rubuta.